Motar Yaya da Tulun Mama

Ranar da yayana ya kawo motarsa, ba ta iso ƙofar gida ba. A bakin layinmu na Samaru ta tsaya, ta ɗora cikinta a kan tudun da maƙwabcinmu ya gina don hana 'yan acaɓa gudu, tayoyin gaba suna ta juyawa a banza. Da guɗa muka fito tarbarta, da turi muka ƙare.

Ja ce, 'yar Kwatano, tana sheƙi. A lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, wato ni ce marar aikin yi ta gidan, duk aiken da kowa ya ƙi nawa ne. Shi kuwa Yaya yana da ɗan shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a, kuma a wurin ɗaliban da ke cika masa shago ya kwaso ra'ayin cewa mota ba ta cika mota ba sai ta kusa lasar ƙasa. Wanda ya fara mallakarta can ƙasar Turawa ya sa an rage mata tsawo da gangan. Abin da ya ja hankalin Yaya ke nan. Ga motoci masu lafiya a jere, ya tsallake su duka ya ɗauko wadda aka yanke wa ƙafa.

"Sifot ce, irin ta tsere," in ji shi, yana goge bamba da hankici.

Na ce, "Wane irin sifot? Gasar rarrafe?"

"Ke ba ki san mota ba."

"Na san kwanciya dai. Wannan a kwance take."

Wanda bai zauna a unguwarmu a shekarun nan ba, ba zai gane girman matsalar ba. Duk mai gidan da aka taɓa take masa kaza, washegari sai ya tara ƙasa da duwatsu ya yi tudu a ƙofar gidansa. Babu mai tambayar kowa, babu mai auna tsawo. Wani tudun kamar kabari. Saboda haka tafiya a motar Yaya ta zama wata irin ibada mai tsari. In an iso tudu, kowa ya sauka. Yaya ya karkata sitiyari ya hau a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma in tsuguna a gefe, in leƙa ƙasa, in riƙa ihu: "Zo! Zo! Tsaya! Ta taɓa!" In ta haye, kowa ya koma ciki, a rufe ƙofa, a yi 'yar tafiya kaɗan, a sake sauka. Akwai ranar Lahadin da wata tsohuwa mai sanda ta gaishe mu a bakin layi, muka isa coci muka tarar har ta samu wurin zama.

Da a ce mu kaɗai abin ya shafa, da har yau muna sauka muna hawa. Tulun Mama ne ya shigo cikin maganar.

A zumuntar matan cocinmu, Mama ce mai tulu. Ba na ruwa ba, na kiɗa: babba, baƙi, mai faɗin ciki, ana buga bakinsa da ɗan faifan soso ya ba da wata murya da kake ji a ƙirjinka kafin kunnenka ya ji. Kakata, uwar Mama, ita ta gina shi da hannunta a ƙauyenmu can kudancin Kaduna, kuma ta rasu ba ta koya wa kowa ba. Mama ta gwada tulunan kasuwa, ta ce duk muryar mura gare su. In wannan ya fashe, shi ke nan, babu wani.

Kuma ni ce motarsa. Tun ina firamare, duk ranar koyon waƙa da duk Lahadi, gammo a kaina, tulu a kan gammo, Mama a bayana tana cewa, "A hankali, ke yarinyar nan, ba tulun gidan miji ba ne." Ina zargin shi ya hana ni tsawo.

To, ana shirin babban taron zumuntar mata na gunduma a wata coci a Sabon Gari, sai Mama ta miƙe a lokacin ba da shaida, gaban jama'a, ta ce Ubangiji ya share mata hawaye. Ta ce bana tulun uwarta ba zai hau kai ba, ba zai shiga bas a matse shi da buhun albasa ba. A motar ɗanta zai je, har ƙofar coci. Mata suka yi guɗa. Ni ma na yi, da zuciya ɗaya, don wuyana. Na waiwaya na ga Yaya yana murmushi irin na wanda bai ji abin da aka ce ba.

Mama ba ta yin abu ba gwaji. Ranar koyon waƙa ta haɗin gwiwa da aka yi a can Sabon Garin, ta ce a tafi da tulu a ga yadda zai sha hanya. Aka ɗora mini shi a cinya a kujerar baya, na rungume shi kamar jinjiri. Mun sauka a tuddan unguwa yadda muka saba, ni da tulu a ka, wato dai babu abin da ya canja a rayuwata. A babban titi motar ta yi ta gudu lafiya, Yaya ya fara fito. Sai ga layin dogo kafin a shiga PZ. Bayanmu motoci sun yi jeri, masu bas suna ta hon, wani kwandasta ya leƙo ya ce, "Oga, ka ɗauke ta a ka mana!" Yaya ya ji kunyar sauke mu. Ya taka mai.

Ƙarar da na ji daga ƙasa, kamar an ja kwanon rufi a kan dutse. Motar ta daka tsalle, tulu ya ƙwace daga hannuna ya daki ƙarfen kujerar gaba. Sannan motar ta fara ruri kamar injin niƙa, domin salansa ta rabu biyu, rabi yana jan ƙasa yana tartsatsi.

Mama ba ta ko dubi motar ba. Ta karɓi tulun, ta juya shi, ta bi bakinsa da yatsa. Wani ɗan guntu ya ɓantare a leɓen, bai kai farce ba. Ta sunkuya ta laluba ƙasan kujera har ta samo shi, ta ƙulle a bakin zane. Ta buga tulun a hankali da tafin hannu. Muryar tana nan. Ta rungume shi da kanta har muka dawo gida.

Da muka dawo ta ce wa Yaya, "A ɗaga motar nan."

"Mama, in an ɗaga ta ai an kashe ta. Duk kyanta a nan yake."

"Na faɗa a gaban coci."

"Salansa kawai za a ɗinke, ni kuma zan riƙa bi a hankali..."

"Na faɗa a gaban coci. Ko kana so in koma in ce Ubangiji ya fasa?"

Ta dube ni ta ce in bi shi garejin, don ta san in an bar shi shi kaɗai zai dawo an ƙara mata rediyo.

Garejin yana Muchia, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro. Na ce gareji don ladabi. Bishiya ce, da benci, da tarin ƙarafa, da ƙaton lambatun da ya bi ta gabansu. Lambatun nan shi ne ramin aikinsu: a shimfiɗa katako, mota ta hau ta raba ƙafa, bakanike ya shiga ƙasa ya tsaya a cikin abin da ba zan faɗa ba. Bakaniken wani Bayarabe ne haifaffen unguwar, mai ƙaton ciki, Hausarsa ta fi tawa zagi. Abokin aikinsa mai walda, siririn dattijo, yana sa baƙin tabarau irin na 'yan gayu a madadin abin kare ido.

Mun iso salansa a ɗaure da waya, ana jin mu tun daga kwana. Bakaniken ya zagaya motar, ya sa ƙafa ya danna bayanta. Ba ta motsa ba.

"Wa ya yi mata wannan aika-aikar?"

Yaya ya ce, "Haka ta zo daga Turai."

"To, su can titinsu kamar faranti yake. Kai a Zariya kake, ɗan'uwa. Ko ka ɗauka da titin aka haɗo maka?" Ya juyo gare ni. "Ƙanwata, ke ce mai motar?"

"Ni ce mai tsugunawa."

Katakon hawa lambatun ma ta ƙi hawa. Sai da aka kira maza daga shagon faci da wurin mai shayi suka ɗaga gabanta da hannu, Yaya yana zagaye su yana roƙon kada a taɓa fenti. Daga cikin lambatu bakaniken ya riƙa aiko da labari, ba mai daɗi ko ɗaya. Sifirin, wato murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da jikin motar, an gajarta su. Shokazoba biyu na baya sun zubar da mansu tun kafin a haife ni, in ji shi. Bututun salansa ya goge har ana ganin rana ta cikinsa. Mai walda ya ce shi nasa mai sauƙi ne, zai yanke, ya lanƙwasa sabon bututu ya manna shi sama kusa da cikin motar. Yaya ya tambaya a hankali ko za a iya barin 'yar ƙara kaɗan, don ƙarar tana da nata kyan.

Na ce, "A bar masa. Mama ta ce in an bar ƙara, shi zai zo ya tsaya a gaba ranar taro ya yi wa mata kiɗa da ita."

Aka rufe maganar ƙara.

Sifirin irin nata babu su a duk shagunan kayan mota da ke wajen PZ. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya, kowane mai shago ya ce "akwai" kafin ya ji sunan motar, ya shige ciki ya daɗe, ya fito da abin da bai yi kama ba. A ƙarshe bakaniken ya ce a bar wahala. Ya nuna wata tsohuwar wagon ta haya da ta mutu a bayan bishiyar, kaji suna ƙwai a cikinta. Irin wadda a zamaninta take ɗaukar mutum goma da akuya. Ya ce sifirinta za a sa, a rage su daidai.

Yaya ya ce, "Daidai da me?"

"Yawwa, yanzu ka yi tambaya. Wa zai riƙa shiga motar?"

"Ni ne. Sai kuma... wataƙila mutum ɗaya a gaba."

Na san mutum ɗayan. Wata ɗaliba ce da ke haya a Bomo, wadda iska mai ƙarfi za ta iya kai ta aji ba acaɓa.

Na ce, "Oga, kada ka saurare shi. Mama ce, da tulu, da ni, da mata biyu na zumunta da ta riga ta yi wa alkawarin kujera."

"Yaya girmansu?"

Na buɗe hannuwana iya buɗewa.

"To, a kawo su."

Na ɗauka wasa yake. Ashe haka yake aiki. Ya ce shi ba ya yanka sifirin da ka, kamar yadda tela ba ya yanka yadi sai ya ga mai riga. A zo da mutanen, su zauna, ya ga inda motar za ta tsaya.

Na yi zaton Mama za ta ce raini ne. Ina! Washegari ta sa anko. Ta zo da matar dattijon cocinmu, wadda in ta zauna a benci sai na ɗaya gefen ya riƙe wani abu, da kuma maman da ke suyar ƙosai a bakin layinmu, wadda ba ta taɓa sayar da abin da ba ta ɗanɗana ba. An riga an sa sababbin shokazoba da sifirin wagon ɗin, motar tana tsaye can sama kamar mai tsoron ruwa. Matar dattijo sai da ta tattare zane kafin ta iya hawa.

Ma'aunin bakaniken kwalbar lemo ce. Ya ce in mata suna ciki kuma kwalba ta tsaya a miƙe a ƙarƙashin salansa ba ta taɓa ba, babu tudun da zai gagare ta a Samaru. In ta wuce kwalba da yawa, a rage. Suka shiga, motar ta yi wata ajiyar zuciya ta sauko. Ya tura kwalba, ya fito, ya ce su sauka. Aka sa jak, aka ciro, mai walda ya yanke zagaye guda, aka mayar. Su hau. Su sauka. Su hau.

Maman ƙosai ta ce wa bakaniken, "Ɗana, in ka gama ka gaya mini nauyina, asibiti sun ce ma'auninsu ya lalace."

"Mama, ke kika lalata shi?"

"Ka ji ɗan banza! Uwarka ma na san ta, ba siririya ba ce."

Matar dattijo ta ce ita dai a yi a gama, ta bar wake a wuta. Bakaniken ya ce su ɗan yi motsi ya ga yadda take lilo. Wai motsi. Mama ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, suka fara rausaya a zaune kamar suna tsakiyar coci, motar tana amsawa da su. Mai shayi ya bar shayinsa. Masu wucewa suka tsaya. Mai walda ya ɗaga tabarau yana kaɗa kai. Yaya ya koma can bayan wagon ɗin kaji ya zauna a kan taya, ya juya mana baya.

Da aka gama, gaskiya aiki ya yi kyau. Da mata a ciki, motar ta zauna daram, ta bi tuddan Muchia ba wanda ya sauka, salansa shiru kamar ba a kunna ba. Na zauna a mota na haye tudu a zaune. Har na ɗan ji kewar tsugunon, amma ban gaya wa kowa ba. Abin da babu wanda ya tsaya ya tambaya, har da ni mai bakin magana, shi ne yadda za ta yi in matan ba sa ciki. A ranar dai da su muka koma gida. Kwanakin da suka biyo baya kuwa Yaya ya yi fushi da motar, ya rufe ta da tampol, ya koma hawa acaɓa.

Ranar taro da safe muka shirya. Sai ga saƙo: matar dattijo da maman ƙosai an sa su a kwamitin girki, sun bi bas tun da sassafe da tukwane. Mama ta ce ba komai, wuri ya ƙara yawa. Ta zauna a gaba da ɗaurin kallabi mai hawa biyu. Ni a baya, tulu a cinya, an naɗe shi da tsohon bargo.

Ba mu kai ƙarshen layi ba. Ba tudu ba ma, wani ɗan rami ne da ruwan sama ya haƙa. Bayan motar ya yi sama kamar jaki ya yi harbi. Kaina ya daki rufi, tulu ya taso ya same ni a haɓa, na ciji harshe. Kafin in gama ganin taurari, ta sake yi. Sifirin da aka yanka don ɗaukar zumunta guda, yanzu ba su da abin dannawa sai ni da tulu.

"Tsaya!" in ji Mama. "Tsaya, don girman Allah!"

Ta zagayo ta buɗe bargon, ta duba, ta buga. Lafiya. Ni da jini a baki ba wanda ya buga ni ya ji ko ina da murya.

Yaya ya ce, da wani irin jin daɗi da bai iya ɓoyewa ba, "Na faɗa. Da an bar ta yadda take..."

"Da an bar ta yadda take da yanzu muna tsintar tulu da tsintsiya," na ce. "Mama, kawo gammo kawai. Mu hau bas."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Na faɗa a gaban coci."

Ta kalli bayan motar da ya ɗage sama. Sannan ta ce wa Yaya ya lallaɓa zuwa babban titi, ni in biyo su a ƙafa da tulu a ka. A bakin titi, inda mutane ke jiran bas ɗin Sabon Gari, Mama ta sauka ta gyara zane, ta fara bin layin mutane tana dubansu daga sama zuwa ƙasa, yadda take duban doya a kasuwa.

Yaya ya gane abin da take nufi, ya yi saurin nuna wasu ɗalibai mata biyu da ke tsaye da littattafai. "Mama, ga waɗancan, da alama sauri suke."

"Waɗannan? Su biyun ba su kai cinyar matar dattijo ba."

Wani tsohon malamin makarantar Lahadi na cocinmu ya hango mu, ya taho da fara'a, Littafi a hammata, shi ma taron za shi. Mama ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ka da nauyi." Har ya rasu ban tabbata ya gane abin da ya faru ba.

Ta samu wata mata Ibo mai faɗi, da ƙaton kwandon busasshen kifi, za ta kasuwa. Sannan ta samu babban kamu: wani manomi daga Bomo, dogo, kakkaura, yana zaune a kan buhun masara.

"Malam, Sabon Gari za ka?"

"In Allah ya yarda, Hajiya."

"Ya yarda. Taso."

Mutumin ya dubi jar motar, ya dubi kallabin Mama, ya dubi buhunsa. Ya ce shi fa ba shata ya nema ba. Mama ta ce alheri ne kawai, ya shigo. Buhu ya shiga but, kwandon kifi ya hau kansa, but ya ƙi rufuwa aka ɗaure da igiya. Motar ta sauko, ta zauna. Mama ta sa na tsuguna na leƙa, ta ce, "Ya kai kwalba?" Na ce ya kai. Haka na koma tsakiya, mai kifi a dama, manomi a hagu ya manne da ƙofa don kada ya taɓa ni, tulu a cinya, warin kifi yana shiga kujerun da Yaya ke fesa wa turare kullum.

Tafiya ta yi laushi kamar a kan katifa. Mai kifi tana ta sa wa Mama albarka. Da muka doshi layin dogo na ƙanƙame tulu na rufe ido. Muka haye. Ko gezau.

Matsala ta taso a PZ. Mai kifi ta ce, "Direba, a nan zan sauka." Yaya, wanda aka kira direba a cikin motarsa, ya fara neman gefe.

Mama ta ce, "Wuce."

"Mama, nan ne hanyar kasuwa," in ji manomin.

"Na sani, Malam. Za a dawo da ku. Saura kaɗan."

Hanyar da ta rage zuwa cocin ita ce mafi muni, duk ramuka da jan laka. Mai kifi ta fara ɗaga murya, Hausa ta ƙare mata ta koma Turancin kasuwa, tana cewa an sace ta da rana tsaka. Manomin ya fara salati a hankali. Ni na gaji, na ce, "Don Allah ku kwantar da hankalinku, ba wanda zai sace ku. Nauyinku kawai muke so." Na yi musu bayani a taƙaice: ga tulu, ga sifirin, ga abin da Mama ta faɗa a gaban coci.

Manomin ya waiwaya wajen buhunsa. Sai ya ce, "Wato ni da buhun duk ɗaya ne."

"Ka ɗan fi shi," na ce.

Ya yi dariya har motar ta girgiza, Mama ta juyo ta ce ya yi a hankali. Ya sa hannu ɗaya ya tallafe gindin tulun, ya ce uwarsa ma maginiya ce, ya san yadda abin yake. Mai kifi ba ta huce ba, amma ta daina neman buɗe ƙofa.

Muka shiga harabar cocin, mata cike da fili cikin anko iri-iri. Mama ta ce kada Yaya ya tsaya a bakin ƙofar shiga, ya kai ta har gindin matakala, inda matan cocinmu suke. Ta sauka a hankali, ta tsaya sai da kowa ya gan ta. Ta karɓi tulun daga cinyata, ta yaye bargon, ta ɗaga shi. Maman ƙosai ta fito daga wurin girki da ludayi a hannu ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Wata ta leƙa motar ta tambaya ko baƙin da muka zo da su sababbin tuba ne. Manomin ya ce a'a, shi nauyi ne.

Mama ta sa aka zuba musu shinkafa a leda, shi da mai kifi, ta ce Yaya ya mayar da su kasuwa, ya sauke musu kaya da hannunsa. Na tsaya ina kallon motar tana fita a natse. Na san yadda za ta dawo ba kowa a ciki, tana harbi, kan Yaya yana gaisawa da rufi, kuma ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Daga ciki aka ɗauko waƙar buɗe taro. Kacau-kacau suka fara, sannan tulun ya shigo daga ƙasa, muryar nan da kake ji a ƙirji. Na zauna a matakala ina taɓa haɓata da ta kumbura. Matar dattijo ta zo wucewa da kwanon miya, ta tsaya ta ce in gaya wa yayana kada ya yi nisa, ita da maman ƙosai da shi za su koma, kuma akwai tukwane.